Daren Ƙarya Don Yakuwa

Gurguzu goma sha tara, na ƙirga da kaina,
Yaya Tabawa ta ƙulle a bakin tsumma a Maigatari,
ta ce, "Ƙasa duk ƙasa ce, ka je ka gwada."

Ba haka ba ne, Yaya.
Ta Sheffield baƙa ce, mai danƙo,
in ka tsoma yatsa a watan Maris ya ƙi lanƙwasa.
A gwangwanin tumatir na shuka, bakin taga, bisa hita.
Sha ɗaya suka tsiro.
Ran da na fitar da su waje dodon-koɗi ya ci huɗu,
kyanwar maƙwabta ta kwanta kan biyu,
saura biyar, kamar salloli,
na kuwa riƙe su kamar salloli.

Ta yi tsawo har ƙuguna,
kara ja kamar an shafa lalle,
ganye mai tsamin da ke tsinka yawu.
Mun sha miya, mun sha fate,
amma fure, ko alama.
Na sauko daga bas ɗina, baya na ciwo,
ƙarfe tara da rabi rana na nan tsaye kamar mai bin bashi,
na duba hammatar kowane ganye. Babu.

Sai tsoho Lenford ya jingino da shinge,
mutumin Jamaika, shekara hamsin a nan,
ya ce, "Soril! A ina ka samo ta?"
Ya taɓa ganyen kamar mai gaida jinjiri.
Ya ce, "Ba rana take ƙirgawa ba, duhu take ƙirgawa.
Sai dare ya yi tsawo take fure,
a nan kuwa kafin dare ya yi tsawo sanyi ya kashe ta.
Ka yi mata ƙarya."

Na samo kwalin firji a bayan shago.
Shida na yamma in kife ta,
bakwai na safe in buɗe.
Hajjo na dariya daga kicin:
"Malam, kana kwantar da ciyawa kafin 'ya'yanka."
Ran da nake aikin yamma
Lenford ke zagayowa da sandarsa
ya kawo mata magariba da hannunsa.

Kwana ashirin da uku.
Ina ƙarshen layi, na kashe inji,
Zinatu ta turo hoto:
fure ɗaya, launin man shanu,
da jan ido can cikin maƙogwaro.
Kafin in dawo ya naɗe kansa ya faɗi.
Yini guda ne rabonsa,
ban gan shi ba sai a waya.

Abin da ya bari shi ne abin nema,
jan ƙoƙo mai kauri, mai tsini biyar.
Arba'in da ɗaya muka tsinka,
muka shanya kan hita har ɗakin ya ɗau ƙamshi.
Na daka citta da kanumfari,
shi ya zo da ɓawon lemo da kirfa,
muka yi musu kan wanda ya iya,
muka zuba duka a tukunya ɗaya.

Kofi huɗu ya fita, ba ƙari.
Zinatu ta yatsine fuska, ta nemi sukari.
Lenford ya kurɓa, ya yi shiru,
ya daɗe yana kallon ƙasan kofin,
ya ce haka yatsun uwarsa ke yin ja duk Disamba.

Farkon Nuwamba raɓa ta daskare,
na wayi gari biyar ɗin sun yi baƙi.
Na kira Yaya na faɗa mata adadin girbi,
ta yi dariya har da tari,
a bayanta ina jin ana loda buhuna a tirela.

Gurguzu sittin na fasa daga kwanso.
Talatin na ambulan a aljihun Lenford.
Kwalin na naɗe shi, yana bayan ƙofa.